Tafin Hannu Huɗu a Kan Kwalta



A wurin Bahaushe darajar mota tana ga yawan abin da za ta iya ɗauka. In mutum ya yi mota aka zo taya shi murna, da an gama addu'ar Allah Ya tsare, Allah Ya sa a kashe lafiya, sai ka ga an leƙa baya ana duba faɗin kujera, an buɗe but ana ƙiyasta buhu nawa zai ci. To ni kuwa motar da zan ba ku labarinta yau kujera biyu gare ta tal, but ɗinta kuma buhun shinkafa guda da 'yar jakar hannu sun ishe shi. Da na aika wa Yayana hotonta, amsar da ya turo mini ita ce: "Madalla, Allah Ya sa albarka. Amma ina sauran motar?" Ban ga laifinsa ba. Mota irin wannan ba ta rakiyar amarya, ba ta zuwa cefanen azumi. Abu guda aka ƙera ta dominsa, wato shan kwana, kuma a kan wannan abu guda nake son mu ɗan tattauna.

Motar Mazda ce, samfurin da ake kira MX-5, ƙirar 2010, na saye ta ta hannu a nan Ingila inda nake zaune. Kada mai karatu ya ji an ce motar wasa ya ɗauka irin ta 'ya'yan attajiran Larabawa ce. Kuɗinta bai kai na motar da muke kai yara makaranta da ita ba. Injinta lita 2 ne, ƙarfin doki 160, wanda motocin iyali da yawa sun fi shi a yanzu. Abin da take taƙama da shi rashin nauyi ne, domin ba ta kai kilo 1,200 ba. Injin yana gaba, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma an raba nauyinta kusan daidai tsakanin gaba da baya. Sau biyar ko shida a shekara nakan ɗauke ta da asuba in kai ta filin tsere, in wuni ina zagaye, da yamma in dawo gida da ita a kan ƙafarta.

Tarihinta gajere ne. A farkon shekarun 1980 ƙananan motocin Ingila masu buɗaɗɗen rufi, irin su MG da Triumph, suka daina fitowa. Kamfanin Mazda na birnin Hiroshima ya hango giɓin, ya ɗauki fasalin wata tsohuwar motar Ingila mai suna Lotus Elan wadda ta fito a 1962, ya ƙera tasa, ya nuna ta a bajekolin motoci na Chicago a watan Fabrairun 1989. Zuwa 2016 an ƙera guda miliyan 1, kuma babu wata motar wasa mai kujera biyu da ta kai ta kasuwa a duniya. Injiniyoyin da suka yi ta sun ɗora aikinsu a kan wata tsohuwar kalmar mahayan Japan, jinba ittai, ma'ana doki da mahayinsa su zama abu guda. Da na ji wannan sai na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mahayi ya zaburo doki a ƙofar fada, ya zo ya zame shi a gaban sarki ba tare da ya gusa daga sirdi ba, ya riga ya san abin da Japanawan nan suke nufi.

Abin da nake zuwa yi a filin ba gasa ba ce. Rana ce da masu filin ke buɗe wa jama'a, ka biya kuɗi ka shiga da motarka. Da safe za a auna ƙarar salansarka saboda maƙwabta, a tara ku a karanta muku dokoki, kowa ya sa hular kwano, sannan a ja ku zagaye biyu ko uku a hankali don ku ga hanya. An hana ɗaukar lokaci da agogo. Ba a wuce mutum a cikin kwana, sai a miƙaƙƙiyar hanya, ta gefen da aka ayyana, kuma sai ya ba ka hanya. In aka ɗaga tuta ruwan ɗorawa akwai haɗari a gaba, in aka ɗaga ja kowa ya rage gudu ya fita, in kuwa baƙa aka nuna maka, to kai ake kira ka zo ka yi bayani. A babban titin Ingila iyakar gudu mil 70 ce a awa, kusan kilomita 113. A cikin filin babu wannan iyaka, sai wadda taya ta sa maka.

Wannan iyaka ta taya ita ce tushen zancen gaba ɗaya. Ka je ka durƙusa kusa da motarka ka duba inda taya ta taɓa ƙasa. Wurin bai wuce faɗin tafin hannu ba. Tafin hannu huɗu ke nan, kuma duk abin da mota take yi, tashi ne, birki ne, kwana ce, ta nan yake bi. Ƙarfin injin duk yawansa, in bai samu ya ratsa ta waɗannan wurare huɗu ba, hayaƙi ne kawai da ƙara. Kuma buƙatar riƙon ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, gaba take yi ta bar shi: kwanar da ka sha a kilomita 60, in ka zo mata a 120 riƙon da take nema ya ninka sau huɗu. Saboda haka duk wani gyara da ake yi wa ƙafar mota, su sifirin da shokozoba da alaimen, manufarsa ɗaya ce, a sa waɗannan tafukan su zauna daram a kan kwalta, kowanne ya ɗauki rabonsa na aiki.

In riƙo ya ƙare, ɗayan abu biyu ke faruwa. Ko dai tayoyin gaba su riga sakewa, ka juya sitiyari motar ta ƙi bin umarni, ta miƙe ta nufi wajen kwana. Ni taurin baki nake kiran wannan, kamar dokin da kake jan linzami yana tafiya inda ya ga dama. Ko kuma na baya su riga sakewa, ƙugun motar ya zame ya nemi ya wuce kanta. Wannan zamewar baya ke nan. Kamfanoni da gangan suke saita motocin da suke sayarwa su karkata ga taurin baki, domin in mota ta ƙi juyawa abin da tsoro zai sa direba ya yi shi ne ya ɗaga ƙafa daga totur, kuma hakan ne maganinta. Zamewar baya kuwa tana son hannu mai sauri da ido a inda ake son zuwa, ba kowa ke da su a lokacin firgici ba. Mai kai mota fili yana neman tsakiya ne, inda gaba da baya za su kai iyakarsu kusan lokaci guda, kuma motar ta yi masa gargaɗi kafin ta sake.

Wanda ya ɗora ni a hanya wani dattijon bakanike ne a wani ƙauye, wanda ya yi shekaru yana shirya ƙananan motocin tsere. Ranar farko da na kai masa ita, kafin ya taɓa ko sifana ɗaya, sai ya ce in je in sayo littafin rubutu. Sharaɗinsa shi ne: abu ɗaya za ka canza, ka fita ka yi zagaye biyar, ka dawo ka rubuta abin da ka ji, sannan ka taɓa na biyu. Dalilinsa a fili yake. In ka canza abu uku lokaci guda motar ta gyaru, ba ka san wanda ya gyara ta ba; in ta lalace, ba ka san wanda za ka mayar ba. Littafin nan har yau yana cikin motar, ya sha maiƙo, kowane shafi da kwanan wata da sunan fili da yanayin gari.

Shafin farko na iskar taya ne, domin shi ne gyaran da ba a biyan ko kwabo. A titi tayoyina 29 suke sha, a irin ma'aunin da masu faci ke amfani da shi. A fili kuwa, da an yi zagaye biyar ko shida taya ta ɗauki zafi, iskar ciki ta kumbura, sai ka auna ka ga ta haura 35. Taya mai iska da yawa cikinta ke turowa, tafin nan ya ƙanƙance, motar ta riƙa santsi kamar an zuba kuɓewa a hanya. In kuma iskar ta yi kaɗan, gefen tayar ke lanƙwashewa a kwana, sitiyari ya yi laɓo-laɓo, zafi ya yi mata yawa. Don haka da na fito daga zagayen farko, tayoyin na da zafi, nake bin su ɗaya bayan ɗaya ina rage iska har su tsaya wajen 32. Nakan kuma goga alli a kafaɗar kowace taya, in na dawo in ga iya inda kwalta ta cinye allin, wannan ke gaya mini ko tayar tana kwantawa fiye da kima. Da yamma in sun huce sai in mayar da iskar kafin in hau titi.

A nan bari in ɗan ratse. A gida ka tsaya wurin mai faci, ko wace irin mota ce, sau da yawa 40 ko 45 zai ɗura mata, wai don ta jure ramuka. Alhali kowace mota da adadinta, yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba ko murfin tanki. Haka kuma kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe, lambobi huɗu a jere: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba, balle a zafin rana irin namu.

Shafi na biyu alaimen ne, kuma a nan wannan mota ta yi wa masu ita gata, domin tun daga kamfani an sa mata kusoshin da ake juyawa a saita tsayuwar kowace taya. Abu na farko shi ne kamba, wato jinginar taya. In mota ta shiga kwana jikinta yakan kwanta waje, tayar da ke waje, wadda ita ce ke ɗauke da yawancin nauyi, sai ta bi shi ta hau kan kafaɗarta. Maganin shi ne tun motar na tsaye a jingina saman tayar ciki kaɗan, ta yadda in kwanciyar ta zo, sai tafin ya zauna sosai. Tawa digiri 2 ce a gaba, baya kuma ƙasa da haka kaɗan. Yadda ake gane an dace shi ne a auna zafin tayar a wuri uku da an fito, ciki da tsakiya da waje. In waje ya fi zafi, jinginar ba ta isa ba. In ciki ya ɗara kaɗan, an zo wurin. Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wannan jinginar da ke ba ni riƙo a kwana ita ce ke cinye gefen cikin tayar a doguwar tafiya, kuma takan sa motar ta riƙa bin sawun manyan motoci a kwalta.

Abu na biyu shi ne inda hancin taya yake kallo. In ka hango mota daga sama, tayoyin biyu na iya kallon juna kaɗan, kamar mai tafiya yatsun ƙafarsa na haɗuwa, ko su kalli waje kamar tafiyar agwagwa. Bambancin milimita ɗaya ko biyu ne, amma a hannu kamar an canza maka mota. Na gaba nawa a miƙe suke sak. Na baya kuwa suna kallon ciki kaɗan, domin hakan ke sa ƙugun motar ya natsu in an taka birki da ƙarfi. Dattijon nan ya ja mini kunne cewa tayar baya mai kallon waje ba abin wasa ba ce, mota takan juya da mutum ba sallama. Ya kuma nuna mini cewa wannan saitin, in ya kauce, ya fi kamba cin taya, domin jan tayar ake yi a karkace duk tsawon tafiya.

Sai kuma sandar nan da makanikai ke kira sitabilaiza, wadda ke haɗa tayar dama da ta hagu don rage tangaɗi. A nan ne hankalin mutum yakan ruɗe shi. Kowa zai zaci ɓangaren da aka ƙara wa tauri shi zai fi riƙo. Akasin haka ne. Ka ƙara wa sandar gaba tauri, taurin baki ya ƙaru. Ka ƙara wa ta baya, baya ya fi saurin zamewa. Dalili kuwa, taya ba ta biyan nauyi daidai da daidai: in ka ninka mata kaya, riƙonta zai ƙaru amma ba zai ninka ba. Ka ɗauki 'yan dako biyu. In ka raba musu kaya daidai za su yi nisa. In ka jibga wa ɗaya kusan duka ka bar ɗayan da 'yar leda, tafiyar ba za ta yi sauri ba, ko da kuwa jimillar kayan ba ta canza ba. Sanda mai tauri tana jibga wa tayar waje kaya ne ta sauke wa ta ciki. Tawa ta baya tana da huji uku. A filin Brands Hatch da ke Kent akwai wata matsattsiyar kwana mai suna Druids a saman tudu, inda motar ta riƙa yi mini taurin baki. Na matsa da huji ɗaya zuwa tauri, na koma, sai ga hancinta yana shiga kwanar kamar an kira shi. Ran da aka yi ruwa kuwa, huji mafi laushi nake komawa, don in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Mu zo ga sifirin da shokozoba, inda yawancin kuɗin mutane ke tafiya. Aikinsu daban ne. Sifirin ke yanke iya nisan da mota za ta nutse in nauyi ya hau ta. Shokozoba ke yanke saurin nutsewar da saurin dawowar. Waɗanda na sa suna da wani ɗan maɓalli a sama, kana murzawa yana ƙas-ƙas, kowane ƙas mataki ne zuwa tauri ko laushi. Abin da ido ke so a wurin ajiye motoci shi ne mota ta kwanta ƙasa kamar kunkuru, in ka danna ta ko motsi ba ta yi. Amma taya ba ta riƙe iska. Mota mai tauri fiye da kima in ta hau ɗan tudu tsalle take yi, kuma a wannan ƙiftawar ido da tayar ke sama ba ka da birki ba ka da sitiyari. Haka in aka sauke ta ƙasa sosai, ƙafar ba ta da sauran wurin motsi, sai ta riƙa dukan robar ƙarshe. Ni santimita 2 kacal aka sauke tawa, aka ɗora ta a kan sikeli huɗu, aka sa kaya daidai nauyina a kujerar direba, aka daidaita har ta sha kwanar dama da ta hagu iri ɗaya.

Fili ma yana da nasa ra'ayin. Silverstone, inda aka yi tseren farko na gasar Formula 1 ta duniya a 1950, tsohon filin jiragen yaƙi ne, shimfiɗaɗɗe mai faɗi, yana karɓar tauri. Cadwell Park da ke Lincolnshire kuwa, wanda na fi ƙauna, kilomita 3.5 ne na siririyar hanya mai hawa da gangara ta cikin itatuwa, har da wani tudu da babura ke tashi sama a kansa. Can nakan mayar da maɓallin baya mataki uku ko huɗu, in bar motar ta yi numfashi. Babban misali shi ne Nürburgring na Jamus, wanda aka buɗe a 1927, da'irarsa ta arewa kilomita 20.8 a cikin duwatsun Eifel, inda Niki Lauda ya ƙone a haɗarin 1976. Kamfanonin motoci na duniya can suke kai sababbin motocinsu gwaji, saboda hanyar ba ta da santsin tebur, kuma motar da ba ta iya haɗiye tudu da kwari ba ba ta yin sauri a can komai ƙarfinta.

Duk wannan fa, saitin da ya fi kowanne tasiri yana ƙafar direba. Ka taka birki, nauyi ya koma gaba, tayoyin gaba su samu riƙo, na baya su yi sakayau. Ka ba ta wuta, nauyi ya koma baya. Mutum na tsakiyar kwana tsoro ya kama shi ya ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya, ya sauke wa tayoyin baya kaya a daidai lokacin da suka fi buƙatarsa, sai motar ta juya. Akwai malaman tuƙi a filayen nan da ake biya su zauna kusa da kai na minti ashirin. Wata rana na ba ɗaya daga cikinsu motar, na koma kujerar fasinja. Bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Hannunsa a hankali, ƙafarsa a hankali, kamar mai tsoron kada ya tashi jariri daga barci, amma sai ga mu muna fita kwanoni da saurin da ban san motar tana da shi ba. Wannan minti ashirin ta fi mini shokozoba amfani, kuma ko kusa kuɗinsu ba ɗaya ba.

Birki kuwa ba a yi masa rowa. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Irin wanda ake kira DOT 4, ƙa'idarsa in sabo ne kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa wannan adadi yana iya saukowa zuwa 155. In ya tafasa, kumfa ce a cikin bututu, ka taka feda ta tafi ƙasa salin-alin ba abin da ya faru. Saboda haka duk shekara nake zubar da shi in sa sabo, ko ya yi kyau a ido. Ba na wuce minti goma sha biyar a fita ɗaya. Zagayen ƙarshe a hankali nake yin sa don iska ta huce ƙarafa, in na tsaya kuma ba na jan birkin hannu, sai in bar ta a giya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Motar nan ba ta fili kaɗai ba ce. Ran Lahadi in gari ya yi kyau mukan sauke rufin ni da uwargida mu zaga ƙauyuka. Da aka sa sababbin shokozoba na ɗauke ta don ta ji saitin biyu ta yi hukunci. A na laushi ba ta ce komai ba. Da na murza zuwa na fili muka hau tudun rage gudu na farko, sai ta dafe ƙofa ta ce, "Malam, wannan mota ce ko amalanke?" Maɓalli ana iya mayar da shi a ƙofar fili cikin minti biyu. Amma taurin sifirin da jinginar taya ba sa komawa, da su za ka je da su za ka dawo. Taura biyu ba ta taunuwa, dole kowane ɓangare ya bar wani abu. Na zaɓi sifirin mai matsakaicin tauri, na tsaya a digiri 2 alhali abokan zagayena suna kai 3. Na san akwai ɗan saurin da na bari a ƙasa. Na bar shi da sanina, tunda kujera biyu ce a motar, kuma ta biyun tana da mai ita.

Akwai kuma maganar aljihu, wadda ba na son in ɓoye. Inshorar titi ba ta aiki a cikin fili. In ka daki shinge, asararka ce, sai in ka sayi wata inshora ta musamman ta wannan rana. Ga kuɗin shiga, ga mai, ga taya da fili ke ci kamar gara. Mutumin da ke da iyaye da 'yan'uwa a gida masu jiran saƙo duk wata dole ya tambayi kansa ko wannan ba almubazzaranci ba ne, kuma ni ma ina tambayar kaina. Dokar da na kafa ita ce: sai an fitar da haƙƙin gida, na nan da na can, sannan abin da ya rage a yi maganar fili, kuma ba na kai motar da asararta za ta taɓa tukunyar gidana. Akwai shekarar da sau biyu kawai na je. Motar ta zauna a rufe, ba ta yi ƙorafi ba.

Abin da ya fi kuɗi kuwa shi ne rai. Wata safiya mai raɓa a wani fili, wani saurayi ya wuce ni da mota mai ƙarfin da ya ninka na tawa sau biyu, an sauke ta ƙasa an ɗaure ta tamau. Kwana biyu a gaba na hango bayanta ya zame, ta yi juyi biyu, ta ratsa tsakuwa ta daki tarin tayoyin da aka jera a jikin shinge. Aka ɗaga jar tuta. Kafin mu gama fita ma'aikata sun isa gare shi, motar asibiti na biye. Ya fito da ƙafarsa yana karkarwa, motar kuwa a bayan babbar mota ta koma gida. Abin da ya cece shi, bayan ikon Allah, shiri ne: kowa hanya ɗaya yake bi, babu mai tahowa, akwai tsakuwar da ke cin gudu, akwai masu jira da abin kashe wuta. Ina tsaye ina kallon ana jan motar sai na tuna wasan mota da samari ke yi a wasu bukukuwan aure a garuruwanmu, ana juyi a tsakiyar titi, taya na hayaƙi, yara sun yi da'ira suna ihu. Zamewar baya ce dai irin wadda na gani da safen nan. Sai dai a can inda tsakuwa da tarin taya ya kamata su kasance, 'ya'yan mutane ne a tsaye.

Mutane kan ɗauka mai zuwa fili zai zama ɗan ganganci a titi. Ni dai abin da na gani a kaina da abokan zagayena shi ne akasin haka. Wanda ya taɓa taka birki iya ƙarfinsa a kilomita 160 ya ji tsawon ƙasar da mota ke ci kafin ta tsaya, ba ya sake manne wa motar gabansa. Wanda ya ji yadda raɓa kaɗan ke kwashe riƙo, in hadari ya haɗo ba sai an ce masa ya rage gudu ba. Ba kowa ne zai sayi mota mai kujera biyu ba, ba kuma kowa ke da fili kusa da shi ba. Amma motar da kake ɗaukar iyali da ita zuwa Zariya ko Maraɗi, da mutum bakwai da kaya a but, ita ma a kan tafin hannu huɗun nan take tsaye. Gobe da safe kafin ka tayar da ita, buɗe ƙofar direba ka karanta 'yar takardar nan, ka durƙusa ka duba shekarun tayoyinka, sannan ka je wurin mai faci ka gaya masa adadin da kake so da bakinka.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai mu gida lafiya. Wassalam.